Abin da Geza Ta Riƙe a Hanyar Argungu

Biki ne ya kai ni ƙasar Kabi. Wani abokin karatuna ne ya aurar da 'yarsa a Argungu, na taso daga Kano a farkon watan Yuni, na biyo ta Sakkwato da Tambuwal da Jega, dare ya yi mini a Birnin Kebbi. A daren aka yi ruwa, na biyu ke nan a daminar kamar yadda masu masaukina suka ce, irin ruwan da iska da ƙura ke yi wa ja-gaba. Da gari ya waye na fita miƙe ƙafa, sai na tarar da yashi ja ya kwanta a kan kwalta, yara na kwashe shi da shebur suna cika baro. Na tambayi wani mai shayi daga ina yashin ya zo. Ya ɗaga haɓa ya nuna mini sama, ya ci gaba da fifita wutarsa.

Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano, inda in ka cire Dala da Gwauron Dutse ido ba ya cin karo da komai, sai ya ɗan jima kafin ya gane zaman wannan gari. Birnin Kebbi a bakin tudu yake zaune, ƙarƙashinsa fadamar gulbin Rima ta baje iya ganinka, shinkafa da ruwa da shanu. A gefe kuma ga tuddai masu shafaffen kai, irin na wajen Dukku, kamar an sa wuƙa an yanke musu ƙoƙuwa. Masana ƙasa da sunan Gwandu suke kiran wannan jerin duwatsu. Samansu marmara ce mai tauri, baƙi-baƙi ja-ja saboda ƙarfen da ke cikinta, amma kaurinta ba shi da yawa. Abin da ke ƙarƙashinta dutsen yashi ne mai taushi da yumɓu, wanda za ka iya marmashe wani da yatsa. Marmarar ita ce hular dutsen. Muddin tana nan, ruwa sai dai ya zame ya wuce. Ranar da aka fasa ta, dutsen ya zama tulin yashi mai jiran damina.

Kuma fasa ta ake yi, domin gari na girma. Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a ranar 27 ga Agusta 1991 aka mai da Birnin Kebbi hedikwata, ba a daina gini ba: sakatariya, rukunin gidaje, tituna, filin jirgi a Ambursa. Kowane titi yana son jar ƙasa a ƙarƙashin kwaltarsa, kowane harsashin gini yana son ciko. Ba daga sama ake sauko da su ba.

Da hantsi na shiga motar haya zuwa Argungu, tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba in hanya ta yi kyau. Mun wuce Ambursa da ɗan nisa sai motar ta fara tururi, direba ya gangara gefe ya tsaya a inuwar wasu itatuwan darbejiya da aka jera a bakin hanya, su a can dogon yaro suke ce mata. Jeri ne mai kyau, sun kai talatin, kansu ya haɗe, duk mai wucewa a mota zai ce daji ne a bayansu. Na sauka na zaga bayansu don in kama ruwa.

Babu daji. Rabin tudu ne a tsaye, ɗaya rabin an kwashe. Inda katafila ta yanka ya yi gaɓa tsaye ta fi tsayin soro, har yanzu ana ganin sawun haƙoranta a jiki. Daga gindin gaɓar kwazazzabai uku sun taso, sun haɗe sun zama ɗaya, ya bi ta ƙarƙashin wani kwalbati ya nufi fadama. Ruwan daren jiya ya bar saiwoyin dogon yaro biyu na ƙarshen jerin a waje, suna reto kamar hanjin akuya a rataye. Na tsaya ina kallo har na manta abin da ya kawo ni. Wanda ya dasa itatuwan nan ya san aikinsa, in aikin shi ne kada matafiyi ya ga abin da aka yi. Sun yi wa ramin rufin asiri shekara da shekaru, shi kuwa yana bayansu yana ci.

Can sama, a kan abin da ya saura na tudun, na hangi mutum uku suna ɗaukar duwatsu. Direba ya ce sai injin ya huce, ga shi kuma ya aiki yaro neman ruwa, don haka na hau.

Dattijo ne da 'ya'yansa biyu samari. Na yi sallama, na gaishe shi da aiki.

"Lahiya lau. Kai baƙo na, ko? Daga ina?"

Na ce daga Kano, Baba. Ya yi dariya ya ce ai ya ji a bakina. Na tambaye shi me suke ginawa a kan dutse, inda ko gero ba ya fita.

"Ba gini muka yi ba, ɗana. Ruwa muka ɗaure wa ƙafa. Gonata tana ƙasa, can inda ka ga jan yashin ga. Da sunka zo da motocinsu sunka ɗebi ƙasa, shekara ukku anka yi ana ɗiba. Sunka tahi, sunka bar muna rami. Damana ta fari, yashi ya rufe min kwatan gona. Ta biyu, rabi."

Ya ce da farko abin da kowa ke yi ya yi: ya cika buhuna da ƙasa ya toshe bakin kwazazzabon a gindin gonarsa. Ruwa ɗaya ya tafi da su. Ya sake, ya haɗa da ƙaya da kututture, ruwan ya zaga ta gefe ya buɗe sabuwar hanya. Sai da wani ɗan'uwansa daga wajen Dogon Dutsi, a Nijar, ya zo gaisuwar rasuwa, ya ga abin da yake fama da shi, ya ce masa yana kokawa da ruwa a inda ruwan ya riga ya yi ƙarfi. In yana son ya kama shi, ya hau sama inda yake jariri.

Abin da na gani a saman tudun ke nan. Sun jera duwatsun marmara, waɗanda katafila ta ture ta bari, layi-layi a gicciye, tsayin kowane layi bai wuce tsakiyar ƙwauri ba, tsakanin layi da layi taku goma sha biyar ko ashirin, inda gangaren ya yi tsanani kuma a matse su. Layin ba ya miƙewa, yana lanƙwasa yana bin jikin tudun, domin dole kowane dutse ya zauna daidai da ɗan'uwansa, kada wani gefe ya fi wani ƙasa ruwa ya taru can ya ɓalle. Na tambayi yadda suke gane daidaiton ba tare da na'ura ba. Ƙaramin ɗan ya jawo wani siririn tiyo fari da ruwa a ciki, an ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna biyu masu zane, irin dai wanda magina ke gwada lintel da shi. Jerin dutsen ba ya hana ruwa wucewa, kuma ba a so ya hana. Yana rage masa gudu ne kawai, ya sa shi ya ajiye kayan da ya ɗauko. A bayan layin da suka jera bara, ƙasa mai laushi ta taru ta kai kaurin tafin hannu, har da kashin awaki da 'ya'yan ciyawa.

A tsakanin layukan sun haƙa abin da suke kira rabin wata: rami marar zurfi mai siffar jinjirin wata, faɗinsa kamar taku huɗu, bakinsa na kallon sama, ƙasar da aka haƙo an tara ta a bayansa ta zama ganuwa. Ba a jera su ɗaya bayan ɗaya, ana saɓa su ne kamar ɓawon kifi, ruwan da ya kuɓuce wa biyu na sama ya faɗa cikin na ƙasa. A ƙa'idar masu aikin, hekta ɗaya na cin kimanin 300. Su ba su kai ko hamsin ba, kuma wanda ya taɓa sara fako da diga a watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, ba zai raina hamsin ɗin ba.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne abin da suka shuka. Ni da na zo da tunanin ɗan birni, ina jiran in ga mangwaro ko zaiti ko dogon yaro a leda. Babu ko ɗaya. A bayan kowane layin dutse sun dasa gamba, tushe-tushe, wadda suka raba daga gindin wadda ke iyakar gonarsu. A leɓen gaɓar da katafila ta yanka sun kafa aguwa, sanda-sanda, kusa da kusa. Dattijon ya ce ita aguwa ba a jiran ruwa da ita, da bazara ake yanko reshenta, a bar shi ya sha iska kwana biyu ƙaron ya bushe, a soke a busasshiyar ƙasa. In ka dasa ta cikin damina ruɓewa take yi. Dabba ba ta damu da ita ba saboda farin ruwanta, don haka ita ce shingen kanta, ita ce kuma shingen na bayanta. A cikin ramukan rabin wata kuwa 'ya'yan bagaruwa ne da magarya da aduwa, ba dashe ba, iri ne aka binne da ɗan taki. Na bagaruwar sai an jiƙa su da ruwan zafi ko an samo waɗanda suka bi ta cikin akuya, in ba haka ba ɓawon ba ya fashewa da wuri. Can ƙasa, inda kwazazzabon ya kusa fadama ƙasa ke riƙe danshi, jema suka jera a gicciye, ciyawar nan mai ƙamshin saiwa da ake saƙa da ita, wadda saiwarta ke nutsawa ƙasa kai tsaye kamar labule.

Sai geza. Ita ba su shuka ta ba, suna dai roƙon mutane su bar ta.

Ban taɓa ɗaukar geza a bakin komai ba. Kurmi ce marar tsayi, mai sirara-siraran rassa, da rani ta yi ja ta kaɗe kamar ta mutu, amfaninta a idona bai wuce kwando da kujerar tsugunne da itacen girki ba. Dattijon ya ja ni gefen tudun da katafila ba ta taɓa ba, ya ce in duba. Duk inda geza da sabara da anza suke, ƙasa na nan daram, har ta yi ɗan tozo a gindinsu, ganye da ƙura sun taru. Taku biyar daga nan, inda mata suka sare suka tone har kututturen, ruwa ya fara zana ƙananan hanyoyi kamar yatsu.

"Ka gani? Wagga ita ta riƙe dutsin tun kakanninmu. Ba wanda ya ba ta ruwa, ba wanda ya yi mata biki."

Na gane inda ya dosa da maganar biki. Duk shekara in damina ta kankama, a kowace jiha ta Arewa, ana fitowa da rumfa da lasifika, babban mutum ya tsuguna da farar riga ya dasa itace ɗaya, a zuba masa ruwa da sabuwar buta, a ɗauki hoto. Ba na cikin masu cewa duk aikin banza ne. Dogon yaron da aka shigo da shi Borno a 1928 yau shi ne inuwar kusan kowane gari daga Maiduguri har Kamba, kuma da hannu aka dasa shi. A nan Jihar Kebbi, a Bachaka ta ƙaramar hukumar Arewa, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da kason Najeriya na Babbar Ganuwar Itatuwa a 2014, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi tun 2007, wanda ya ratsa jihohi 11 na ƙasar nan. A ƙarshen 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗi ne masu yawa, kuma akwai ma'aikatan gandun daji da na sani waɗanda ke aikin tsakani da Allah. Amma idonmu ya saba auna aikin da tsayin itace da kyan layi. Itace mai tsayi a kan gangare, shi kaɗai, ba ya riƙe fatar ƙasa. Dogon yaro ma inuwarsa da saiwarsa ba sa barin ciyawa ta yi ƙarfi a gindinsa, sai ka ga sama kore shar, ƙasa tsirara, ruwa na bi ta tsakanin kututture yana wucewa abinsa. Abin da ke tare ɗigon ruwa kafin ya daki ƙasa, ya kuma ɗinke taƙi ɗaya na sama da saiwa, shi ne ciyawa da kurmi, waɗanda ba sa kyau a hoto.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu shan wannan darasi, da tsada kuwa. Bayan farin 1973 da na 1984 an zuba kuɗi a dashen itatuwa, mafi yawansu suka mutu. A Keita, cikin duwatsun Adar, aikin da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya bai tsaya ga dashe ba: sai da aka bi tuddai da jerin duwatsu da ramuka da ƙananan madatsai tukuna, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka. A wajen Maraɗi kuma, tun daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kurmin da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ce, kututturen itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In ka zaɓi reshe biyu ko uku ka bari, ka datse sauran, cikin 'yan shekaru ka sami itace ba tare da leda ko bokiti ba. Sassaben zamani suke ce masa. An ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Abin da ya sa ya kama, ban da sauƙinsa, shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na malamin daji ba.

A nan ne dattijon nawa yake da rauni, kuma ya sani. Gonar tasa ce, tudun ba nasa ba ne. Makiyaya na bi ta kai, mata na itace a kai, kuma ba abin da zai hana wata tifa ta dawo gobe da takarda a hannu. Ya je wurin hakimi, ya ce, an yi zama da ardo, an yarda a kewaye wannan gefen damina biyu, in gamba ta yi ƙarfi makiyaya su yanka su ɗauka amma kada a sako dabba. Yarjejeniyar baki ce. Na tambaye shi ko tana aiki. Ya ce, "Yau da gobe dai."

Direba ya yi ta danna oda, na sauko da jar ƙasa har gwiwa.

Mun wuce Alwasa, inda aka gwabza a 1805, shekarar da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi, muka shiga Argungu ana kiran azahar. Biki ya yi kyau, an ci shinkafa da kifi har an bar saura. Washegari abokina ya kai ni gidan tarihi na Kanta, muka ga ganguna da sulke da kaburburan sarakuna, daga nan muka gangara Matan Fada. Na sha ganin wurin a talabijin, dubban mutane da goruna da homa suna rugawa cikin ruwa, bikin da aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, wanda kuma UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Ranar da babu biki, ruwa ne shiru, ba shi da faɗin da kyamara ke ba shi.

Wani masunci na gyaran koma a gindin itace, na zauna kusa da shi. Ban ce masa komai game da tudu ba, na tambaye shi kifi kawai. Ya ce giwan ruwa gurbi take so mai zurfi, kuma guraben da ya sani yana yaro, waɗanda gora ba ta taɓa ƙasansu, yau wasu in ya shiga ruwan iya ƙirji ne. Ya ambaci madatsun Bakolori da Goronyo da suka canza zuwan ruwa, ya ambaci injinan ban-ruwa na masu shinkafar rani da suka yawaita tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma a jihar a 2015. Sa'an nan ya ɗebo yashi daga gaɓa ya murza a tafinsa, ya ce wannan kuma ba na gulbi ba ne, na tudu ne, dubi jansa. Gulbin da cikinsa ya cika da yashi ba ya ɗaukar ruwa. In babban ruwa ya zo, kamar na 2020 da ya shafe gonakin shinkafa a faɗin jihar, sai ya fantsama inda ya ga dama. Tsakanin wannan masunci da wancan dattijo akwai tafiyar rabin sa'a a mota, ba su san juna ba, kuma ban ji a bakin ɗayansu cewa akwai ofishin da ya taɓa zaunar da masu tudu da masu ruwa wuri ɗaya ba.

Da zan koma na roƙi direban da na samu ya tsaya mini a jerin dogon yaron. Ya dube ni ta madubi, ya ce minti biyar. An sake yin ruwa a daren, na zaga baya na tarar ɗaya daga cikin itatuwa biyun nan na ƙarshe ya kwanta cikin kwazazzabon, an riga an fara sassare rassansa. Dattijon ba ya nan. Ƙaramin ɗansa ne kaɗai a sama, ramukan rabin wata sun cika da ruwa suna ƙyalli, aguwar bakin gaɓa ta fito da ƙananan ganye. Yana tsaye da sanda tsakanin gambar da wasu awaki bakwai da suka hau ta bayan tudun, in ya kore su ta nan su zago ta can. Ya ɗago mini hannu, bai sami sukunin saukowa ba.